Makarantar Tsakar Gida: Koyar da Ƙaramin Yaro ta Hannu da Kunne da Hanci

Ɗan shekara uku ba ya sanin nauyi don an faɗa masa. Sai ya ɗaga dutse ya ajiye, ya ɗaga sakaina, sannan kalmar ta samu wurin zama a kansa. Haka zafi da sanyi, haka kaushi da santsi, haka ma "ya fi yawa" da "bai kai ba", waɗanda su ne tushen lissafin da za a zo ana yi masa faɗa a kai a aji uku. Iyaye da dama yanzu suna riƙe ƙananan 'ya'yansu a gida suna koya musu da kansu. Wasu kuɗin makarantar nazare ne ya fi ƙarfinsu, wasu makarantar ce ta yi nisa ko hanyar babu tsaro, wasu kuma ra'ayi ne kawai, sai yaro ya kai shekara shida ya shiga firamare. Abin da akasari ake fara yi shi ne a sayo littafi mai layi da fensir, a zaunar da yaro a ce ya cika shafi da harafin A. Yatsunsa ba su ƙosa ba, hankalinsa yana kan akuyar da ke cin dusa, ƙarshenta a tashi da kuka da tsawa.

Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ake rubuta sunanta a allunan makarantu masu tsada a Kano da Kaduna da Abuja, ba don 'ya'yan masu hali ta fara ba. A watan Janairun 1907 ta buɗe ajinta na farko a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Rum, saboda yaran da iyayensu ke fita ƙwadago su bar su suna gararamba a gidajen haya. Kayan da ta yi suna da su kuwa ba wasu abin mamaki ba ne: haruffan da aka yanka daga samfefa, ƙananan mazubai masu ƙara iri-iri, ƙyallaye masu laushi da masu kaushi, ruwa da buta da tsumman goge tebur. Uwargida, duk wannan akwai shi a gidanki har da ƙari. Al'ummar da 'ya'yanta suka taso da tuwon ƙasa da shanun laka da motar kara da carafke ba ta rasa kayan aiki ba. Abin da likitar ta ƙara shi ne tsari, kuma shi nake so ki ɗauka.

Tsarin ba shi da wuya. A kowane wasa, abu ɗaya tak ne zai bambanta. Idan nauyi kike son ya gane, kada ki ba shi jan bulo babba da farar auduga 'yar mitsitsiya, don ba zai san wanne daga cikin bambance-bambancen ne "nauyi" ba. Ki samo gwangwani biyu iri ɗaya, ki cika ɗaya da yashi, ɗaya da ƙaiƙayi, ki rufe bakinsu. A ido duk ɗaya suke, sai hannu ne zai faɗa masa gaskiya. Sannan sunan abin ana ba da shi ne a mataki uku, dabarar da ita ma ta gada daga wani Bafaranshe mai suna Seguin. Da farko ki faɗa: "Wannan mai nauyi. Wannan marar nauyi." Na biyu ki ce, "Miƙo mini mai nauyi. Kai wa Baba marar nauyi. Ɗora mai nauyi a kan turmi." A nan ake daɗewa, kwanaki ma idan ta kama. Sai kin ga ba ya kuskure sannan ki tambaya, "Wannan wane iri ne?" Idan ya ɓata, kada ki ce "a'a", kada ki haɗe fuska. Ki koma matakin farko kamar ba a yi komai ba.

Abu mafi wuya ga uwa shi ne yin shiru. Ki nuna sau ɗaya a hankali, ki ja gefe. Zai zuba ya kwashe, ya sake zubawa, sau ashirin, ke kina ganin ɓata lokaci ne, shi kuwa karatun ke nan yake yi.

Kafin mu shiga kayan wasa, akwai maganar abinci. Duk mai duba waya ta ga matan Turai da Amurka suna rina shinkafa da taliya launi-launi su cika baho yara su yi iyo a ciki. Ba na ba da wannan shawarar. Ko da mudun shinkafa yana araha, balle yadda yake yanzu, mu an raine mu a kan cewa ba a taka abinci, ba a wasa da shi, kuma tarbiyya ce mai kyau da bai kamata a rushe ta da sunan ilimi ba. Mafita biyu ce. Ko dai a yi wasa da abin da ba a ci, irin su yashi, laka, ɓawon gyaɗa, totuwar masara, ƙwallon mangwaro da na goruba, ko kuma yaro ya taɓa hatsi a cikin aikin gaske, inda abin zai ƙare a tukunya.

Mu fara da yashi, don shi ne uban tafiya. Kada ki ɗebo na bakin kwata ko na lungun da kyanwa ke tona rami, saboda kashin kyanwa da na kare yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki. Ki nemi yashin gini ko na rafi, ki tankaɗe shi da tsohuwar rariya, ki wanke har ruwan ya daina fitowa da duhu, ki baza a rana ya bushe ƙayau. Wadda ke son ƙarin kwanciyar hankali sai ta soya shi a tsohuwar tukunya, yadda masu gyaɗa ke yi, ta bari ya huce sarai. Bayan wasa a rufe shi. Ku kuma da ke zaune a yankunan da ake haƙar zinariya, wannan gargaɗi naku ne musamman: a 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma, domin ana daka duwatsun ma'adinai a cikin gidaje, ƙurar ta gauraye da ƙasar da yara ke rarrafe a kai suna sa hannu a baki. Ƙasar wurin daka dutse, da ta wurin masu fasa tsohon batirin mota, da ta garejin makanikai, ba ta wasan yara ba ce ko an wanke ta.

Idan yashin ya samu, ki raba shi biyu. Mai yawa a baho, a jefa masa ludayi da ƙoƙo da mazurari da gwangwanaye manya da ƙanana waɗanda bakinsu ba ya yanka. Ki bar shi da su. Wata rana ki yayyafa ruwa a gefe guda, ya gano da kansa cewa jiƙaƙƙen yashi yana tsayawa idan an kife gwangwani, busasshe kuwa rushewa yake. Kaɗan ɗin kuma ki baza shi siriri a kan faranti mai duhu ko tire, yadda idan an ja yatsa ƙasan zai bayyana. Wannan shi ne littafinsa na farko. Ba da haruffa za a fara ba: layi a tsaye, layi a kwance, da'ira, tafiyar maciji, haƙoran zarto. Idan ya ɓata, sai a girgiza tiren kaɗan, shafi ya koma sabo, babu jan biro, babu abin gogewa da ke yaga takarda. Yaron da ke tsoron kuskure a nan yake sakin jiki.

Wajen shekara huɗu, idan kin ga yana tambayar abin da aka rubuta a jikin kwali ko buhu, lokacin haruffa masu kaushi ya yi. Ki yanka kwali murabba'i-murabba'i kamar faɗin tafin hannunki. Ki jiƙa ƙaro ya narke ya yi kauri, ko ki karɓo farin gam na kafinta. Ki rubuta harafi babba da shi, ki barbaɗa tankaɗaɗɗen yashi a kai, ki bari ya kwana, da safe ki kaɗe. Yaro zai bi harafin da yatsa biyu, manuni da na tsakiya, ta inda ake fara rubuta shi, yana faɗin sautinsa, sannan ya juya ya zana shi a tiren yashi. Sautin nake nufi, ba sunan da Turawa ke kiran harafin ba. Idan ya san sautin "k" da "a" da "z", da kansa zai haɗa "kaza" wata rana, ki ji ya ƙwala ihu. Na gida yana da fifiko guda a kan na kanti: haruffan roba da ake shigowa da su ba su da ɓ da ɗ da ƙ, ke kuwa za ki yi su, yaro ya ji lanƙwasar a yatsansa. Harafi biyu ko uku a lokaci guda sun isa, kuma ki raba b da d, kada su zo mako ɗaya. Juya su da yara ke yi abu ne da aka saba gani har wajen shekara bakwai, ba daƙiƙanci ba ne. Haruffan Larabci ma haka za ki yi musu a kwali mai wani launi dabam, a bi su daga dama zuwa hagu, babbaƙu tukuna kafin farfaru, yadda malaman allo suka tsara tun kaka da kakanni. Su ma, in an lura, ba su taɓa raba karatu da hannu ba: yaro shi ke wanke allonsa, ya shanya, ya bi baƙi da yatsa yana ɗaga murya.

Idan kin lura bahago ne, ki koya masa ci da karɓa da dama kamar yadda addini da al'ada suka tanada, amma tiren yashi da fensir ki bar shi da hannun da ya fi masa ƙarfi.

Laka ita ce ta biyu, kuma ita ce ke ƙarfafa yatsun da za su riƙe alƙalami. Inda ake da magina tukwane, yumɓu kaɗan ba ya gagara. A cuɗa, a mulmula, a murza ya yi tsawo, a gina sa da tozonsa, a shanya a inuwa don kada ya tsage. Wadda ke gidan sama ko gidan haya da aka shafe da siminti za ta iya kwaɓa na fulawa, kuma a nan nake ɗaga ƙafa a maganar abinci, don kwaɓi ɗaya yana yin kwanaki: fulawa gwangwanin madara 2, gishiri gwangwani 1, man gyaɗa cokali 1, ruwan lemon tsami cokali 1, sai ruwan ɗumi kusan gwangwani 1 ana zubawa kaɗan-kaɗan ana cuɗawa har ya daina kama hannu. A ajiye a roba mai murfi. Da zafin bazara yana saurin tsami, da kin ji ya canza wari ki zubar. Gishirin da ke ciki yana da yawa ƙwarai, saboda haka ba na yaron da har yanzu komai sai ya kai baki ba ne, kuma kada a jefa wa dabbobi.

Akwai wani abu da duk mai dama koko ta sani ba tare da ta ɗauke shi a bakin komai ba. Gasarar da ta kwanta ta yi kauri, idan kin danna ta da ƙarfi sai ta ƙi, ta dage, ta tsattsage. Kina sassauta hannu sai ta narke ta bi yatsu tana zuba. Ƙwayoyin sitacin ne ke cushewa da juna idan an matsa su da sauri, su saki idan an bi su a hankali. Masu koyar da kimiyya a ƙasashen waje da garin sitacin masara suke haɗa shi, awo biyu na gari da awo ɗaya na ruwa, su tara yara a yi ta mamaki. Ke cokali huɗu na gasara a ƙaramin kwano sun ishe ki, ko ɗanyen sitacin rogo. Ki ce ya dunƙule ta, ya buɗe hannu ya ga abin da zai faru. Ki tambaye shi, "Ruwa ce ko dutse?" Kada ki ba shi amsa. Abin da ya rage kaji za su yi murna da shi.

Maigida, ga naka aikin. In ka bi ta wurin tela, ka roƙo ragowar ƙyallaye: shadda, atamfa, leshi, karammiski, saƙi, har da guntun buhun algarara. A duba da kyau kada a zo da allura ko fil. A yanka kowanne biyu-biyu, girma ɗaya. Yaro ya rufe ido, ko a sa su a ƙarƙashin zane, ya lalubo kowane ƙyalle da ɗan'uwansa. A fara da iri uku masu nisa da juna, kamar buhu da karammiski da leshi, sai daga baya a kawo masu kama, irin shadda da atamfa, waɗanda ko babba sai ya nutsu. Daga wurin kafinta kuma guntayen katako da aka goge bakinsu sun fi tubalan roba na kanti daɗin gini. Sai jakar lalube: tsohuwar rigar matashi, a zuba cokali, makulli, soso, mataji, ƙwallon mangwaro. Ya zura hannu ya kama abu, ya faɗi sunansa kafin ya fito da shi. Idan ya ƙware, a juya wasan: ya siffanta abin ba tare da ya ambaci suna ba, yayyensa su canka. A nan ne Hausa ke buɗe masa taskarta, don ba "santsi" kawai zai ce ba, zai koyi sumul, da tiɓis, da ƙiƙam, da sakayau, da sanyi ƙalau. Yaron da ya tara irin waɗannan a harshen uwarsa ba ya rasa abin faɗa idan ya shiga wani harshe.

Madafa kuwa aji ce sukutum, ga mace ga namiji, kada a ce ɗa namiji ba ya zama kusa da murhu. Ɗan shekara huɗu zai iya tsince tsakuwa daga shinkafa a faifai, ya ɓare gyaɗa, ya zage zogale daga reshensa, ya tankaɗe gari, ya murje kuka da ta dunƙule. Ki haɗa masara da wake a ƙoƙo ɗaya ki ce ya raba su gida biyu. Aikin babban yatsa da manuni ke nan, su ne kuma masu riƙe fensir. Ki ba shi mudu da gwangwani ya ƙirga gwangwani nawa ke cika mudu, gobe ya sake aunawa ya ga ko lissafin ya canza. Ki bar shi ya taɓa yauƙin kuɓewa da karkashi. Sai dai waken kasuwa a yi hattara da shi, don 'yan kasuwa da yawa suna zuba masa maganin ƙwari kafin su adana. Yawan wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. In ba na gonarku ba ne, ki wanke ki shanya kafin yaro ya taɓa, ya kuma wanke hannu bayan ya gama.

Ruwa ba ya buƙatar dogon bayani, yara sun fi mu sanin daɗinsa. Baho, kofuna, buta, soso, da tambaya ɗaya kafin a jefa kowane abu: zai nutse ko zai yi iyo? Lemon zaƙi da ɓawonsa yana tasowa, a ɓare shi ya nutse. Ƙwai yana nutsewa, a narka gishiri mai yawa a ruwan ya taso. A sa hannu ɗaya a ruwan randa, ɗaya a ruwan da ya sha rana a bokiti. Da hunturu a sirka ruwan, a shafa masa man kaɗe bayan an gama don kada hannu ya yi kaushi. Doka ɗaya ce ba ta da sassauci: ƙaramin yaro yana iya halaka a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba, kuma ba a jin motsinsa. In sallama aka yi a ƙofa, ki ɗauke shi ku tafi tare. Ana gamawa a juye ruwan a gindin shuka, a kife bahon.

Wasan da na fi so duka shi ne na zoɓo. Ki jiƙa zoɓo ba sukari, ki tace, ki zuba a kofunan gilashi uku. Na farko a bar shi yadda yake. Na biyu yaro ya matsa lemon tsami, ja zai ƙara haske ya yi wur. Na uku ki ɗiga ruwan kanwa, nan take zai yi duhu ya karkata zuwa kore-kore. Sai a matsa lemon tsami a cikin na ukun, jan ya dawo. Sinadarin da ke ba zoɓo launinsa ne ke sauyawa gwargwadon tsamin ruwan, kanwa kuwa kashe tsami take yi, dalilin da ya sa ake jefa ta a miyar yakuwa ke nan. Kurkum, wanda wasu ke kira gangamau, shi ma yana da nasa: ki dama shi da ruwa, a shafe farar takarda ta zama rawaya, a bari ta bushe, sannan a tsoma tsinke mai auduga a ruwan kanwa a yi zane a kai. Zanen zai fito ja. Ga fenti ya samu ba ko kwabo: ja daga zoɓo, rawaya daga kurkum, baƙi daga gawayi, kore daga dakakken ganyen zogale. Ruwan kanwar ke za ki riƙe shi, kada ya shiga ido, kuma kofin da aka sa masa ba na sha ba ne.

Na kunne: robobi shida iri ɗaya waɗanda ba a ganin cikinsu, biyu da yashi, biyu da tsakuwa, biyu da ƙwallon dabino, a ɗaure murfin da salatif sosai. Ya kaɗa ya haɗa masu murya ɗaya. Kada ki yi amfani da robar magani, don kada ya saba ganinta a matsayin abin wasa. Wanda ya fi wannan sauƙi ma, ku zauna a tabarma da yamma ku rufe ido minti ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya ji: injin markaɗe, kurciya, luguden maƙwabta, mai tallan ruwa, ladan daga nesa. In akwai kaka a gidan da ta iya shantu, an gama.

Na hanci da harshe a taƙaice. Ki ƙulla kanumfari, citta, ɓawon lemo, na'ana'a da daddawa a ƙananan ƙyallaye, ya sansana ya canka. Ban da barkono da masoro da duk wani gari da zai shaƙa, ban da turare mai ƙarfi ga mai asma. Dabino don zaƙi, tsamiya don tsami, ɗan gauta don ɗaci, ƙwayar gishiri a kan harshe. Zuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

An saba cewa kafofin ji biyar ne, amma likitoci suna ƙara biyu: wanda ke can cikin kunne yana hana mutum faɗuwa, da wanda ke cikin tsoka da gaɓoɓi yana sanar da mutum inda hannunsa da ƙafarsa suke ko ido a rufe. Goyo da lilo da langa da 'yar gala-gala duk abincinsu ne. Ki ja layi da gawayi a tsakar gida, ya bi shi diddige na taɓa yatsa. In ya iya, ya bi da kofi cike da ruwa. In ya iya, a naɗa masa gammo ya bi da ƙoƙo a ka. Yaron da ya kasa zama wuri ɗaya, sau da yawa ba bulala yake buƙata ba. Ki sa shi ya tura bokitin wanki zuwa bakin igiya, ya ɗauko kujera 'yar tsugunno, ya yi daka a ƙaramin turmi, sannan ki gwada zaunar da shi.

Yanzu ga abin da ba a sakaci da shi. Duk wasan da na ambata mai ƙananan abubuwa, hatsi ne ko tsakuwa ko ƙwallon dabino, na wanda ya haura shekara 3 ne kuma ya daina kai komai baki. A Amurka, ma'aunin da hukuma ke gwada kayan wasan 'yan ƙasa da shekara 3 da shi wani ɗan bututu ne mai faɗin santimita 3 da 'yan kai. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya an haramta sayar musu. Murfin robar ruwa ma bai tsallake ba. Idan akwai ƙane mai rarrafe, a yi irin wannan wasa lokacin da yake barci ko yana goye, a share wurin tas. Yara suna cusa wake a hanci da kunne, shi kuwa yana kumbura in ya ji danshi. Kada a sa tsinke ko ashana, a tafi asibiti. Ƙaramin batiri mai kama da maɓalli, irin na agogo da na wasu kayan wasa, in an haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa 2, saboda haka ba a jira gari ya waye. A cikin 'ya'yan itatuwan da yara ke tsintowa kuma akwai masu kisa: idon zakara, duk da kyansa ja da baƙi, da 'ya'yan zurma, da na bini-da-zugu, da zaƙami. Ruwan tumfafiya yana lahanta ido. In za a yi motar kara, reza tana hannun babba.

Ba sai kin mai da gidan makaranta mai ƙararrawa ba. Bayan karin kumallo, kafin rana ta yi zafi, ki shimfiɗa tabarma guda da aka san ta karatu ce, ki fito da abu ɗaya ko biyu. Minti goma sha biyar ya isa ga ɗan shekara uku. In ya nutsa ya zarce, kada ki katse shi don lokaci ya cika. Kwashewa da shara da wanke hannu suna cikin darasin, shi zai yi su. Sauran kayan su zauna a kwali, ki riƙa juya su mako-mako, abin da ya kwana biyu bai gani ba sabo ne a wurinsa. Waya kuma a rage. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa 1 a rana, sannan su samu aƙalla awa 3 suna motsa jiki.

Za ki iya samun yaron da ke ƙyamar laka ko yauƙi, ya janye hannu yana kuka. Kada a kama hannunsa a tsoma da ƙarfi, kada yayye su yi masa dariya. Ki ba shi cokali ko kara ya taɓa daga nesa, ki fara da busassun abubuwa kafin masu danshi, ki ajiye ruwa da tsumma kusa don ya san zai iya gogewa duk sanda ya so. Yawanci a hankali suke sakewa. Amma waɗannan wasanni ba magani ba ne, kuma duk wanda ya ce miki suna warkar da wata lalura ki yi taka-tsantsan da shi. Idan yaro ba ya waiwayowa in an kira sunansa ko an yi ƙara a bayansa, ko ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya a da, ko yana kawo abu dab da ido kafin ya gane shi, kada a tsaya cewa miskilanci ne ko gadon gidan su babansa. A kai shi wurin likitan yara a nemi a duba ji da gani tukuna. Kafin ku je, ki rubuta abin da kika lura da shi a kan tabarmar nan, da lokacin da ya fara, don shi likita zai fara tambaya.